Ido na Biyu

A ɗakin maganin asibitinmu babu mai kiran mijin yayata da sunansa. Sake-Duba ake ce masa, tun daga Shugaba har mai shara, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka kai masa kwandon magani ka ce ka gama, ko kansa ba zai ɗago ba, sai dai ka ji, "Sake duba." Ka koma ka duba ka dawo, ya karɓa ya duba da kansa, sannan ya sa hannu da koren bironsa. An ce wata rana mai shayi ya ce masa ya riga ya zuba sukari, shi kuma ya ce ya sake duba. Ban ga wannan da idona ba, amma ban musa ba.

Shi ba likita ba ne, ba kuma shi ne babban mai haɗa magani ba. Mataimaki ne da ya tsufa a cikin aikin, har makarantar koyon mataimaka ta saba turo masa ɗalibai rukuni-rukuni su yi 'yan watanni a hannunsa. Ɗakin dogo ne, kantoci hagu da dama har sama, firij a kusurwa, tagogi biyu da ke fuskantar layin marasa lafiya. A tsakiya akwai wani tebur mai ƙafa ɗaya gajera, an tokare ta da kwali. Wannan shi ne teburin ido na biyu, kuma nan ne duniyarsa. Dokar gidan ita ce wanda ya ɗebo magani daga kanta ba shi ke miƙa shi ta taga ba, sai wani ido ya gani tukuna. Shekara da shekaru idon nan nasa ne.

Koyarwarsa babu wani abin burgewa a ciki. Da safe ka karanta ma'aunin sanyin firij kafin ka gaishe da kowa. Ka goge farantin ƙirga ƙwaya, ko da jiya kai ka goge. Sabon kaya ya tafi baya, wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa ya matso gaba. Kwalaye biyu masu kama da juna ba sa zama kusa, ko da kuwa jerin baƙaƙe ya ce su zauna. Takardar likitan da ba ka gane rubutunta ba, ka taka ka je ka tambaye shi, in ya haɗe rai ya haɗe. Sannan ga tarkonsa: lokaci-lokaci sai ya faki idon ɗalibi ya musanya kwali ɗaya a kwandonsa da wani mai suna iri ɗaya amma ƙarfi daban, ya koma ya zauna kamar ba shi ba. Wanda ya gano, ba yabo. Wanda bai gano ba, ba faɗa. Zai ciro kwalin ne kawai ya ajiye gabanka, ya bar ka da shi har ka ji inda kake tsaye ya yi maka zafi.

Ni ma ta wannan hanyar na bi. A gidansu na ƙarasa girma bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sama mini gurbi a makarantar. A gida nakan ce masa tsohon mijinmu, in ce ranar da Yaya ta gaji da shi ni ma ba na so, shi kuma ya ce ai ko kyauta aka ba shi ni sai ya sake duba. Da mun shiga ƙofar asibiti kuwa Malam ne, ni kuma ɗaliba ce kamar kowa. Tarkonsa ya kama ni har na yi kuka a bayan firij, kuma da yamma ya sa mini albarka a kan abincin da na dafa kamar ba abin da ya faru.

Yaya tela ce, tana da rumfa a can ƙuryar kasuwa. Mace ce mai dariya da dukan jiki, ba ta iya zama shiru ko a wurin ta'aziyya. Da ciwon zuciya ya kama ta, likita ya ɗora ta a kan magunguna iri-iri, ciki har da wata 'yar farar ƙwaya mai fitar da ruwan da ke taruwa a jiki. Duk wata ni ke ɗebo maganinta, shi ya duba, ya rubuta yadda za a sha da wannan rubutun nasa mai kama da na inji, ya kai gida ya ajiye mata a kan madubi. Zai maimaita mata, wannan da safe, wannan bayan abinci, ita kuma ta ce, "To, likitan gidanmu." Ƙafafunta suka fara kumbura. Ya mai da ita wurin likita, aka ƙara ƙarfin farar ƙwayar. Suka ƙara kumbura, aka sake ƙarawa. Ya yi duk abin da ya kamata a yi, kuma a kan lokaci.

Wata safiya numfashi ya gagare ta. Kafin a gama gungura ta zuwa ɗakin gaggawa rai ya yi halinsa.

Ban san yadda wasu ke ji ba. Ni dai ban ji komai ba. Na wanke kofunan masu zuwa gaisuwa, na amsa addu'a, na nuna wa baƙi inda buta take. Shi ma haka. Da ƙafar masu gaisuwa ta ɗauke, ya goge farar rigarsa da kansa ya dawo aiki, ya karanta ma'aunin firij, ya zauna a teburinsa. Mutane suka yi ta cewa Malam akwai dangana. Ni da na san shi na san ba dangana ba ce, babu kowa ne a cikin rigar.

Da wata baƙar leda ya dawo. Autarsu ce ta kwashe durowar Yaya, ta tattara duk maganin da ta gani ta ƙulle bakin ledar ta miƙa masa, tunda shi ya san yadda ake yi da su. Kuma ya sani ɗin, don shi ke koyar da shi. Maganin da ya fita ta taga ba ya komawa kanta, ko da ba a fasa kwalin ba. Akwai wani jan bokiti mai kwado a ƙarshen ɗaki, can ake zubawa, masu ƙonawa su zo da mota su kwashe. Daga teburinsa zuwa bokitin nan ba wata tafiya ba ce. Amma kullum da safe sai ya sa ledar a durowarsa, in an tashi ya ɗauka ya koma da ita gida. Ƙullin bakinta yana nan yadda Auta ta yi shi.

Abin da ya fara tayar mini da hankali ba ledar ba ce. Shirun ne. Sabon rukunin ɗalibai ya zo, suka yi kwanaki ba su ji an ce musu su sake duba ba. Har wata doguwar mace a cikinsu, wadda ta bar aikin sayar da tikiti a tasha ta koma makaranta bayan ta haifi 'ya'ya, ta tambaye ni a ɓoye wai daga ina sunan ya samo asali. Doguwa muke ce mata. Tambayarta ta fi ta kowa yawa, kuma ba ta jin kunyar a ce ba ta sani ba. Na ce mata ta bari za ta gani. Amma ina kallo, kwando na zuwa gabansa, ya kalle shi kamar mai kallon bango, ya sa hannu ya tura.

Shugaba ma ta lura. Ta kira ni ofis ta rufe ƙofa, ta ce ba ta son ta ƙara masa wani ciwon, amma koren biron nan ba ado ba ne, ran mutane ne a bayansa. Ta ce kafin wannan rukunin ya gama in gaya mata gaskiya, tunda ni na fi kusa da shi. In zai iya, to. In ba zai iya ba, za ta ɗauke shi daga teburin da ɗaliban gaba ɗaya ta mai da shi sito. Sitonmu ɗaki ne marar taga a bayan gini, kai da kwalaye da ƙarar fanka. Na san in aka kai shi can an gama da shi.

Sai na ɗana masa nasa tarkon. Na haɗa kwandon wani dattijo mai hawan jini, na musanya kwali ɗaya da mai ƙarfi ninki biyu, na kai masa da hannuna. Na tsaya a kansa ina roƙon Allah ya ce mini kalmomin nan biyu. Ya ɗauki kwalin, ya juya shi, ya mayar, ya sa hannu. Na karɓa na zaga bayan kanta na gyara kafin ya kai taga. Ban yi fushi ba, ban yi kuka ba. Na koma na ci gaba da ƙirga ƙwayoyi. Daga ranar duk kwandon da ya bar teburinsa sai na san dabarar da na yi na leƙa shi, kuma duk lokacin da Shugaba ta kalle ni sai in sunkuyar da kai.

A makon ƙarshe akwai darasin da yakan yi a kan maganin da aka dawo da shi. Shi ne darasin da ya fi so a da. Yakan buɗe jan bokiti ya ciro ledar wani, ya zazzage a tebur, ya ce kafin a zubar a karanta. A jera su bisa ranar da aka bayar, a ware kowane iri, a ga abin da aka sha da abin da aka bari. Yakan ce marar lafiya zai iya gaya wa likita abin da likita ke son ji, amma katin magani bai iya faranta wa kowa rai ba.

Ranar ɗaliban suka kewaye tebur, na buɗe kwadon bokiti, sai na tarar wayam. Masu ƙonawa sun zo jiya da yamma. Na ce to sai a yi darasin da baki. Doguwa ta ce ita fa ba ta gane abu sai ta taɓa shi da hannu, ko ba a samun wani guntu a wani wuri? Malam ya jawo durowarsa, ya ciro baƙar ledar, ya ajiye a tsakiyar tebur. Kafin in hana, har an kama kwance ta. Ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da wani ɗalibi ya kawo almakashi.

Ɗaliban sun san matar Malam ta rasu, amma ba su san sunanta ba. A wurinsu sunan da ke jikin ambulan ɗin da aka zuba maganin suna ne kawai. Doguwa ta naɗe hannun riga ta hau aiki kamar yadda aka koya mata. Ta jera bisa rana, ta ware iri-iri. Na ga rubutuna a kan wasu, na ga koren sa hannunsa a kan dukkansu. A ƙasan ledar har da wani ɗan guntun zare ja da maɓalli ɗaya da suka biyo kayan.

Da ta gama ta gyara tsayuwa ta fara bayani, muryarta cike da jin daɗin wanda ya gano abu. Ta ce wannan baiwar Allah tana shan maganinta sosai, ga katunan nan duk an huda, ɗan abin da ya rage na watan ƙarshe ne. Sai ta dafa wani tsibi da ta ware gefe.

"Amma ban da wannan, Malam. Farar ƙwayar nan ta fitar da ruwa. Ta fara sha da farko, ga shi an huda kaɗan, daga nan ta bari. Sauran ko fasa su ba a yi ba." Ta ɗago kwali biyu ta haɗa. "Kuma ka ga, ana ta ƙara mata ƙarfi. Kenan likita ya ɗauka maganin ne ya kasa. Babu wanda ya tambaye ta ko tana sha."

Fankar sama na juyawa. A waje wani yana ƙwanƙwasa gilashin taga da katinsa na asibiti. Na kalli mijin yayata. Fuskarsa ba ta canja ba ko kaɗan, hannayensa biyu na shimfiɗe a kan tebur.

"Sake duba," in ji shi.

Wasu ɗaliban suka kalli juna suna murmushi, yau dai sun ji da kunnensu. Doguwa ta sake bi ɗaya bayan ɗaya, tana juya kowane kati tana ɗaga shi ga haske. Ta ce haka ne, ba ta ga wani abu daban ba. Sai ya jawo tsibin gabansa, ya sa tabarau, ya duba da kansa. Tunda Yaya ta rasu ban ga ya kalli magani haka ba. Ya karanta kowace rana, ya shafa kowane kati da babban yatsa. Ya daɗe.

"Daidai ne," ya ce. "Kin yi aiki mai kyau."

Ya ƙarasa darasin. Ya nuna musu yadda ake shafe sunan marar lafiya da baƙin alƙalami kafin a zubar, don sirrin mutum ba ya ƙarewa da mutuwarsa. Shi ya shafe da hannunsa, ambulan bayan ambulan, ya kai jan bokiti ya zuba, ya kulle kwado. Zaren da maɓallin ya sa a aljihun farar rigarsa. A nan ne Doguwa ta kalli aljihun, ta kalle ni, ta rufe bakinta da hannu. Na girgiza mata kai, ta ja sauran suka koma bakin aiki.

Da aka tashi muka fita tare kamar kullum. Muka bi ta gefen masu sayar da lemo, muka tsaya jiran mota. Hannunsa babu leda, bai san inda zai ajiye shi ba, sai ya yi ta sa shi a aljihu yana fitarwa. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Banɗakin kasuwar nan yana da nisa."

Na ce yana da nisa.

Shi ke nan abin da muka ce a kai, ranar da ma bayanta. Ƙwayar tana sa yawan fitsari, wannan kowane ɗalibi ya sani. Rumfar Yaya tana ƙurya, mai ɗinki kuma ba ya barin keke da kayan mutane ya yi ta zirga-zirga. Shi ya kai mata keken rumfar da kansa, ya san nisan. Ita kuma ba za ta kalli mutumin da ya rubuto mata magani da wannan kyakkyawan rubutun ta ce masa ba ta sha ba. Za ta ce to, likitan gidanmu, ta yi dariya, ta tura cikin durowa.

Kafin motar ta zo na gaya masa zancen tarkon da na ɗana masa, da abin da Shugaba ta ce. Ban sassauta ba, don bai koya mini sassauci a wannan ba. Ya tambaye ni ko kwalin ya kai taga. Na ce bai kai ba. Ya gyaɗa kai.

Washegari shi ya riga ni shiga ofishin Shugaba. Ban san me suka ce ba. Da ya fito ya zo ya ajiye koren biron a gabana, ya ce in lura da ƙafar teburin, kwalin da ke ƙasa yana son canji. Ba a kai shi sito ba. Ya roƙi a ba shi taga ta biyu, wurin da ake ajiye sababbin shiga saboda ba kowa ke son surutun jama'a ba, aka ba shi. Horar da ɗalibai ya dawo hannuna. Doguwa ta gama, daga baya aka ɗauke ta aiki a wurinmu, kuma har yau ba ta taɓa tayar da zancen ledar ba.

Yanzu ni ke zama a tsakiyar ɗaki. Kwando na zuwa, in ji bakina ya ce a sake duba, in duba, in sa hannu. Ina ɗana tarko, ɗalibai na kuka a bayan firij. Ba na jin daɗi, ba na jin baƙin ciki, aiki dai na tafiya. Daga inda nake ina hango bayansa. Layin tagarsa ya fi na ɗaya tsawo, masu jira suna tsaki, wasu na komawa ɗaya layin. Kafin ya miƙa leda sai ya tambayi mutum na watan jiya nawa ya rage a gida, wanne ne ke damunsa in ya sha, wane irin aiki yake yi, a zaune ko a tsaye. In aka ce masa lafiya lau ana sha, ba ya musu. Shiru yake yi yana kallon mutum, ledar na hannunsa bai sake ta ba. Da yawa a cikin shirun nan suke cewa, to gaskiya akwai dai guda ɗaya.

Ni ma ina da nawa hawan jinin, gadon gidanmu ne. Kwanakin baya muna cin burodi da shayi a bayan kanta, ya ce, "Ke fa, kina shan naki?" Na ce tsohon mijinmu, ni za ka yi wa wannan tambayar, ni da nake koyar da ita? Bai yi dariya ba. Ya ce in kawo kwalin gobe.

Na kawo, don na san in ban kawo ba zai biyo ni gida. Ya zare katin, ya juya shi, ya bi da babban yatsa. Akwai kwanakin da na tsallake, ban ma san sun kai haka ba. Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya ɗauraye kofi, ya ɗebo ruwa, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya ajiye a tafin hannuna. Ana ta ƙwanƙwasa tagarsa, bai waiwaya ba. Yana nan tsaye a kaina har na haɗiye.